Gidan hutu a Kill Devil Hills: da gaske a wannan gaɓar jirgin sama na farko ya tashi?

Baban_Ilham:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san yankin Outer Banks na jihar North Carolina. Ni da ƙanina muna so mu haɗa iyalanmu mu kama gida na mako guda a bakin teku idan yara sun samu dogon hutu. Mu goma sha ɗaya ne har da Hajiyarmu da ta zo daga Kano. Gida biyu muka gani. Ɗaya yana garin Kill Devil Hills, ɗaki huɗu, an ɗora shi a kan dirkokin katako, daga baranda kana kallon ruwa. A tallan sun rubuta wai a wannan gaɓar ce jirgin sama na farko a duniya ya tashi. Ɗayan yana Nags Head, ya fi girma kuma ya fi sauƙin kuɗi, sai dai sai ka tsallaka titi kafin ka kai ruwa. Babban ɗana shekararsa 12, ba shi da zance sai na jirgi, tun da ya ji labarin ya kafe sai na farkon. Tambayata ita ce, da gaske a kan wannan rairayin abin ya faru, ko daɗin bakin masu haya ne? Ba na so in ƙara kuɗi in kai yaro in nuna masa wurin da ba shi ba.

Ummu_Khalil:
Wa alaikumus salam. Mun je sau biyu. A taƙaice, ba a bakin ruwan ba ne. Wurin yana can ciki, ƙetaren babban titin da ya ratsa garin. Daga bakin teku bai kai mil ɗaya ba, amma dai ba gaɓar da ake wanka ba ce. Yanzu ma babu rairayi a wurin, ciyawa ce shimfiɗe.

Bakatsine77:
To ni na ɗauka Kitty Hawk ake cewa? Abin da na sani ke nan tun muna sakandare.

Injiniya_Dayton:
@Bakatsine77 duka biyun suna da tushe. A 1903 babu wani gari mai suna Kill Devil Hills, tuddan rairayi ne kawai da tashar masu ceton jiragen ruwa. Ƙauye mafi kusa shi ne Kitty Hawk, mil huɗu arewa, can ne gidan waya da ofishin hasashen yanayi suke, daga can kuma aka buga wa mahaifin 'yan Wright, waɗanda suka ƙera jirgin, waya ranar da abin ya yiwu. Shi ya sa sunan Kitty Hawk ya bi duniya. Garin Kill Devil Hills sai a 1953 ya zama gari a hukumance.

Baban Ilham, ga yadda abin yake. Wilbur da Orville Wright mutanenmu ne na nan Dayton a Ohio, masu shagon ƙera keke da gyaransa. Abu uku suka je nema can: iska mai ƙarfi wadda ba ta yankewa, rairayi mai laushi saboda faɗuwa, da wurin da babu idon jama'a. Sun rubuta wa hukumar yanayi ta Amurka takarda aka aiko musu da lissafin iskar wurare, suka zaɓi nan. A 1900 suka fara zuwa da jirgi mara inji, suka koma 1901 da 1902. Ranar 17 ga Disamba 1903 da misalin ƙarfe 10:35 na safe Orville ya tashi da mai inji, ya yi ƙafa 120 cikin sakan 12. Sau huɗu suka tashi a ranar suna karɓa-karɓa, na ƙarshe Wilbur ya yi ƙafa 852 cikin sakan 59. Daga fili mai baje suka tashi, gefen babban tudun, ba daga kan tudun ba kuma ba daga bakin ruwa ba.

Ummu_Khalil:
Ƙwarai. Akwai babban dutse a daidai inda ya ɗaga, sannan duwatsu huɗu a jere inda ya sauka kowane karo. Uku na farko suna kusa da juna, na huɗun kuwa can nesa. Yarana tsere suka yi daga babban dutsen zuwa na farko, ni ina riƙe da waya ina ƙirga musu sakan 12. Ƙaramar ma ta riga jirgin isa. A nan ne babban ya tsaya ya ce, Umma, iyakarta ke nan? Sai da muka taka zuwa dutse na huɗu a cikin rana ya yi shiru.

Yar_Gombe:
Ni sunan garin ne ya tsaya mini. Kill Devil, wato kashe shaiɗan? Allah ya raba mu da shi dai. Hajiya za ta yarda ta kwana a can?

Tsohon_Malami:
Hajiya ta kwantar da hankalinta. Labarin da mutanen wurin suka fi bayarwa shi ne wata barasa ce mai ƙarfi da ake tsinta daga jiragen ruwan da suka nutse a gaɓar, har ake cewa ƙarfinta ya isa kashe shaiɗan. Labarin baka ne, akwai wasu ma daban. Sunan ya girmi 'yan Wright.

Baban_Ilham:
Na gode Injiniya, na gode Ummu Khalil. Ke nan tallan bai faɗi gaskiya ba?

Injiniya_Dayton:
Ba zan kira shi ƙarya tsagwaronta ba. A lokacin babu titi, babu gidaje, babu ciyawa, daga gindin tudun har bakin teku rairayi ne fetal. Wanda ya tsaya a wurin a 1903 zai ce maka duk gaɓa ɗaya ce. Kuma mutanen da suka taimaka musu ɗaukar jirgin daga tashar ceto ta bakin ruwan suka tako. Amma in nufinka ka tsaya a baranda ka nuna wa yaro da yatsa ka ce ga wurin, a'a.

Alhaji_Greensboro:
Ku bar zancen tarihi tukuna, ni ta aljihu zan yi magana, don na ƙone sau ɗaya. Shekarun baya muka kama irin gidan nan a ƙarshen watan Agusta ta hannun wani kamfanin haya. Mun biya duka tun watanni kafin lokacin. Kwana uku da shigarmu aka ba da umarnin kowa ya fice saboda guguwar teku. Muka kwashe kaya da daddare, naman da uwargida ta soya na mako guda yana cikin kula, muka bi layin motoci awa da awanni kafin mu haye gada. Da na nemi ragowar kuɗina sai aka nuna mini layin da na sa hannu, cewa an yi mini tayin inshorar tafiya na ƙi. Ko sisi ban samu ba. Lokacin guguwa daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, amma ta fi tsanani daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba. In za ku je, ku je a Yuni ko farkon Yuli, kuma ka karanta takardar nan layi-layi, Malam. Sannan yawancin gidajen Asabar zuwa Asabar ake bayarwa, ranar kowa ke shiga kowa ke fita, gadar Wright Memorial ta shiga yankin takan cushe. Ku yi sammako.

Yar_Gombe:
Allah ya mayar da alheri Alhaji.

Firnas_Jr:
Ina karanta ku tun ɗazu ana ta jirgin farko, jirgin farko. Ya kamata mu riƙa gaya wa 'ya'yanmu cewa Abbas ibn Firnas ya yi fiffike ya tashi a Ƙurɗuba ta Andalus tun ƙarni na tara, shekara dubu kafin waɗannan. Baban Ilham, kafin ka kai yaro ya ga na Turawa ka fara ba shi namu.

Tsohon_Malami:
Ɗana, a ba shi duka biyun, amma a ba shi kowanne a yadda yake. Ibn Firnas babban masani ne, ya yi aikin gilashi da agogon ruwa da ilimin taurari, ya rasu wajen 887. Labarin tashinsa mun fi samunsa daga al-Maƙƙari, wanda ya rubuta shi bayan kimanin shekara ɗari bakwai: ya lulluɓe jikinsa da gashin tsuntsu, ya ɗaura fukafukai, ya yi shawagi, da ya zo sauka ya ji ciwo a baya domin bai yi wa kansa jela ba. Wannan shawagi ne daga wuri mai tudu. Abin da ake lissafa wa 'yan Wright daban ne: na'ura mai nauyi, mai inji, da mutum a ciki yana juya ta yadda yake so, ta tashi daga ƙasa da ƙarfin kanta. Ba a tauye wa Ibn Firnas komai ba, akwai rami a duniyar wata da aka sa wa sunansa, akwai gada a Ƙurɗuba mai sunansa. Abin da nake gudu shi ne yaro ya je aji ya faɗi abin da za a ƙure shi a kai, daga nan ya daina yarda da duk abin da muka gaya masa.

Firnas_Jr:
Na ji Baba, amma har yanzu ina ganin wanda ya rubuta tarihi shi ke zaɓar inda za a fara ƙirga.

DanZinder:
A nan Firnas yana da ɗan gaskiya. Mu da muka yi karatu da Faransanci, Clément Ader aka fara koya mana, wanda na'urarsa ta ɗan ɗaga daga ƙasa a 1890, daga gare shi ma kalmar jirgin sama ta Faransanci ta samo asali. In kuma ka haɗu da ɗan Brazil, Santos-Dumont zai ce maka, wanda ya tashi a Paris a 1906 a gaban taron jama'a. Hujjarsu ita ce shi kowa ya gani, su kuwa 'yan Wright a ɓoye suka yi nasu. Na yi aiki da wani ɗan Brazil shekara biyu, ba mu taɓa gama wannan gardamar ba.

Matuƙi_Zariya:
Bari in sa baki a matsayin wanda ya koyi tuƙi a Zariya. Ɗagawa daga ƙasa ba shi ne wahalar ba, mutane da yawa sun yi tsalle da inji kafin 1903. Wahalar ita ce riƙe jirgin bayan ya ɗaga. Jirgi yana motsi ta fuska uku: hanci sama ko ƙasa, karkata fiffike dama ko hagu, da juya kai. 'Yan Wright ne suka haɗa ukun a hannun matuƙi, kuma a jirginsu mara inji na 1902 suka gama gano haka, bayan sun yi shawagi ɗaruruwan lokuta daga kan tudun nan da kuke magana. Har yau duk jirgin da na hau da waɗannan ukun nake tuƙa shi. Kuma @DanZinder, kafin Santos-Dumont ya yi mita 220 a Nuwamban 1906, Wilbur ya riga ya yi mil 24 cikin minti 39 yana kewaya fili a kusa da Dayton a Oktoban 1905. Da ya je Le Mans a 1908 ya tashi a gaban Faransawa, da idonsu suka ga bambancin.

Ni a wurina tudun ya fi filin daraja. A kan tudun suka koyi tashi. Ranar 17 ga Disamba sakamako ne kawai ya fito.

DanZinder:
Kyaftin, zan kai wa abokina wannan, amma na san ba zai sauka ba.

Injiniya_Dayton:
Kyaftin ya taɓo inda ya fi burge ni. Bayan 1901 sun dawo gida a karye, domin lissafin da suka dogara da shi na magabata bai ba su ɗagawar da suka zata ba. Maimakon su haƙura sai suka haɗa akwatin katako mai tsawon ƙafa shida da fanka a bakinsa a cikin shagon kekensu, suka gwada ƙananan fukafukai kusan 200 har suka fitar da nasu lissafin. Injin kuma ba su samu kamfanin da zai yi musu mai sauƙin nauyin da suke so ba, sai makanikensu Charlie Taylor ya ƙera shi cikin mako shida, silinda huɗu, ƙarfin doki 12. Farfela biyu da hannu suka sassaƙa, sarƙa irin ta keke ke juya su. Babu wanda ya yi jami'a a cikinsu. Duk abin da suka kashe bai kai dala 1,000 ba, daga ribar keke. A daidai lokacin, Samuel Langley shugaban cibiyar Smithsonian ya karɓi dala 50,000 daga ma'aikatar yaƙi, jirginsa ya faɗa kogin Potomac ranar 8 ga Disamba 1903, kwana tara kafin nasu.

Duk lokacin da na tuna masu gyaran keke da masu walda na bakin kasuwar garinmu, wannan labarin ke zuwa mini.

Bakatsine77:
Wallahi kuwa. Hannu muna da shi, mai tsaya wa yaro ne babu.

Maman_Biyu_VA:
Maza kun tafi sama kun bar baiwar Allah Hajiya a ƙasa. Baban Ilham, gidajen nan na kan dirka matakala gare su, wani hawa biyu kafin ka kai falo, domin kicin da falo a can sama ake yin su saboda kallon ruwa. In Hajiya tana fama da gwiwa ka tambaya ko akwai ɗaki a hawan farko ko lifta. Surukata da muka je da ita kwana biyu ba ta sauko ba, daga baranda ta yi hutunta, ko da yake ta ce ta ji daɗin hakan, da asuba tana lazimi rana na fitowa daga cikin ruwa.

Abinci kuma ku taho da namanku daga gida, mu daga Norfolk muka sayo na halal muka cika kula biyu. Kifi da jatan lande kam sabo fil za ku samu a can. Ku taho da tukunyarku babba, tukwanen gidan haya ba sa ɗaukar tuwon mutum goma sha ɗaya, da muciya da yaji da daddawa. Alƙibla tana arewa maso gabas, in kun fuskanci teku ku ɗan karkata hagu, amma ku duba da waya. Masallaci ban ga ko ɗaya kusa ba, a falo maza suka riƙa jam'i.

Ta ɓangaren mata, gidan da ke bakin ruwa kai tsaye ya fi sutura. Da sassafe ko bayan la'asar sai mu sauka da hijabanmu mu tsoma ƙafa mu dawo, ba sai an ratsa titi da jiƙaƙƙun kaya ba. Ni saboda wannan zan ƙara kuɗi, ba saboda jirgi ba.

Baban_Ilham:
Allah ya saka da alheri Maman Biyu, wallahi ban yi tunanin matakala ba sam. Zan kira su gobe.

Alhaji_Greensboro:
Ƙarin abu ɗaya, kuma wannan ya fi kuɗi muhimmanci. Ruwan nan yana da igiya mai jan mutum ciki, ko gwanin iyo takan tafi da shi. In kun ga jar tuta kada kowa ya shiga. Yara su yi wanka kusa da inda mai gadin ruwa yake zaune. Wanda ta ja kada ya yi kokawa da ita ya nufo gaɓa kai tsaye, ya bi gefe har ya fita daga cikinta. Ku zaunar da yaran ku gaya musu tun a gida.

Yar_Gombe:
Ni hotunan gidajen da ke ruftawa cikin teku nake gani a labarai, ba can ba ne?

Ummu_Khalil:
Wancan Rodanthe ne da Buxton, a tsibirin Hatteras, can kudu sosai. Amma duk yankin rairayi ne mai tafiya. Hasumiyar fitilar Cape Hatteras ma a 1999 sai da aka ɗauke ta ɗungurungum aka ja da ita baya ƙafa 2,900 saboda teku ya kusa cin ta.

Tsohon_Malami:
Maganar Ummu Khalil ta dawo da mu kan tambayar farko. Shi kansa tudun da Kyaftin yake yabo ba a inda 'yan Wright suka bar shi yake ba. Iska ta yi ta tura shi, ya matsa ɗaruruwan ƙafa, sai da aka dasa masa ciyawa aka ɗaure shi kafin a gina hasumiyar dutse mai ƙafa 60 a kansa, wadda aka buɗe a 1932 Orville yana wurin. Babban dutsen kuwa a 1928 aka kafa shi, da taimakon mutanen da suka ga tashin da idonsu. Jirgin ma ba ya can, wanda ke ɗakin baje kolin kwafi ne. Na ainihin yana Washington a gidan tarihin jiragen sama na Smithsonian. Kafin nan shekara 20 ya yi a Ingila, domin Orville ya yi fushi da Smithsonian kan fifita Langley da suka yi, ya aika da shi Landan a 1928, bai dawo ba sai 1948 bayan rasuwarsa.

Saboda haka in yaro yana son ya ga irin abin da suka gani, Nags Head ma tana da nata. Tuddan Jockey's Ridge suna can, rairayi tsirara har yau, iska na kaɗawa, ana koya wa mutane shawagi da fiffike a kai. Wannan ya fi kama da 1902 fiye da filin ciyawar.

Matuƙi_Zariya:
Gaskiya ne Baba. Amma akwai ƙaramin filin jirgi a jikin wurin tarihin, ƙananan jirage na sauka suna tashi. Yaro mai son jirgi zai so ya tsaya ya kalla. Kuma Orville ya koma tudun a 1911 ya yi minti 9 da sakan 45 a sama ba inji, iska kawai.

Zango_Kumasi:
Salamu alaikum 'yan'uwa, ni daga Ghana nake bin ku. Tambaya: su wa suka ga abin? Don in mutum biyu ne kawai suka ce mun tashi, ai kowa ma zai iya faɗa.

Injiniya_Dayton:
Mutum biyar ne, Malam. Uku daga tashar ceto: John Daniels, Adam Etheridge da Will Dough. Sai wani W. C. Brinkley daga Manteo, da wani saurayi Johnny Moore. Orville ne ya kafa kyamara ya saita ta, ya ce wa Daniels ya matsa in jirgin ya ɗaga. Mutumin bai taɓa ɗaukar hoto ba a rayuwarsa, shi ya ɗauki hoton nan da duniya ta sani, jirgi ya bar dogon katakon da yake gudu a kai, Wilbur na tsaye a gefe. Bayan tashi na huɗu iska ta kifar da jirgin a ƙasa, Daniels ya riƙe shi ya yi ta mirginawa da shi a ciki. Jirgin bai sake tashi ba.

Maman_Biyu_VA:
Ni abin da ya tsaya mini a rai da muka je shi ne labarin matar da ta sauke su. Da Wilbur ya fara zuwa a 1900, bayan ya sha wuya a kwalekwale daga Elizabeth City, gidan William Tate ya sauka. Da keken ɗinkin matarsa Addie aka gyara ƙyallen fiffiken a tsakar gida. Da suka tafi suka bar jirgin, ta yanke ƙyallen ta wanke ta ɗinka wa 'ya'yanta mata biyu riguna. Baƙo ya zo daga nesa da abin da kowa ke gani kamar hauka, aka ba shi ɗaki da abinci da keken ɗinki. Ina jin labarin sai na tuna gidan kakata.

Yar_Gombe:
Allah sarki. Wannan ban taɓa ji ba.

Bakano_Asali:
Tunda Hajiya daga Kano take, a tuna mata nata garin ma yana cikin labarin. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jiragen sojan saman Ingila guda uku da suka taso daga Helwan ta Masar suka sauka a Kano, ƙarƙashin Arthur Coningham, kuma daga nan ake ƙirga tarihin jirgin sama a Najeriya. Shekara 22 kacal bayan sakan 12 ɗin nan. Kakana yana cewa mahaifinsa na cikin waɗanda suka fita kallo, wasu suka gudu wasu suka tsaya suna salati. Ita kuma Hajiya yau ga ta ta ƙetare teku a zaune.

Baban_Ilham:
Na karanta mata wannan yanzu. Ta ce kakanta bai samu zuwa Makka ba sai ta ƙasa, ta Sudan, shekaru ya yi a hanya, ita kuwa tsakanin azahar da isha ta isa Jidda. Ta ce lallai a kai ta ta ga dutsen.

Firnas_Jr:
Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Amma dai a gaya wa yaron Ibn Firnas a mota.

Tsohon_Malami:
A gaya masa, har da batun jelar. Zai fi gane abin da ya sa Kyaftin ya dage kan juya jirgi.

Alhaji_Greensboro:
Ni dai ra'ayina bai canja ba. Ku kama na Nags Head, ragowar kuɗin ku sayi inshora da kifi. Daga can zuwa wurin tarihin minti goma ne ko sha biyar a mota, yara 'yan ƙasa da 16 ma ba sa biyan kuɗin shiga. Awa uku sun ishe ku. Ba wanda zai biya kuɗin mako guda saboda ziyarar awa uku.

Ummu_Khalil:
Alhaji ban yarda da awa uku ba. Mu a Kill Devil Hills muka zauna karo na biyu, kuma da daddare ana haska hasumiyar da ke kan tudun, daga barandar baya muna hango ta. Ɗana kullum sai ya fita ya kalle ta kafin ya kwanta, sau uku ya sa babansa ya mayar da shi. Wata safiya iska ta taso daga arewa har tana kwashe kayan shanya, ya fito da gudu yana cewa irin wannan ce, irin wannan ce. Ranar da suka tashi iskar ta haura mil 20 a awa, ga sanyin Disamba har ruwan kududdufai ya daskare. Wannan ba a samunsa a ziyarar awa uku.

Sai dai ku taho da maganin sauro. Su kansu 'yan Wright a 1901 sauro ya kusa korarsu, Orville ya rubuta wa ƙanwarsu Katharine cewa ta cikin tufafi suke cizo. Jikokin sauron na nan.

Matuƙi_Zariya:
In kun je a hau tudun da sassafe kafin rana ta yi zafi, hanyar tana da ɗan tsayi ga tsofaffi. Hajiya ta tsaya a filin ƙasa, shi a baje yake, har keken guragu yana bi.

Baban_Ilham:
Na kira masu gidan Kill Devil Hills da safen nan. Babu lifta, matakala 14 kafin ɗakin farko. Na Nags Head yana da ɗaki a ƙasa. Ƙanina ya koma bayan Alhaji, matanmu sun koma bayan Maman Biyu, yaron kuma tun da na nuna masa hoton Jockey's Ridge ya fara tambaya ko ɗan shekara 12 zai iya koyon shawagin. Mun ba kanmu zuwa Juma'a. Ummu Khalil, gidan da kuka zauna ta wane gefen titi yake, kuma akwai ɗaki a ƙasa?

Ummu_Khalil:
Tsakanin babban titin da titin gefen teku yake, ba bakin ruwa ba, minti biyar a ƙafa. Akwai ɗaki ɗaya a ƙasa amma banɗakinsa ƙarami ne. Bari in tambayi Abban Khalil ko yana da hotunan, zan turo maka ta akwatin saƙo.

Zango_Kumasi:
In kun je a ɗauko mana hoton dutse na huɗu daga wajen babban dutsen, ina so in ga nisan da idona.